Amsa ga ɗan'uwan da ke tsoron kallon sabon King of the Hill

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, tambayar nan da ka yi, cewa kana tsoron buɗe sabon King of the Hill, shirin katun ɗin nan na Amurka da aka dawo da shi bayan shekaru, saboda cacar bakin da ake yi a kansa, wasu na cewa an lalata shi da halayen zamani, wasu na cewa ya fi na da, kai kuma ba ka son a ɓata maka abin da ka riƙe a zuciya tun kana saurayi, wallahi kamar da bakina ka yi ta. Tun jiya nake rubutawa ina gogewa. Ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Ni ma sai da na yi mako uku ban taɓa shi ba bayan manhajar kallon finafinai ta Hulu ta sako kashi 10 ɗin nan gaba ɗaya ranar 4 ga Agusta, 2025. Kuma ba don na ji an ce ba kyau ba. Dalilina daban ne, kuma ina zargin naka ma ba ya rasa nasaba da irinsa, ko da ba ka faɗa ba.

A ɗakin yayana, Allah ya jiƙansa, na san shirin nan. Na je Houston karatu, shi kuma ya riga ni da shekaru, yana tuƙin tasi. Ranar Lahadi da daddare ba ya fita aiki sai an gama shi a tashar Fox, daga baya kuma da tashar Adult Swim ta fara maimaitawa a 2009 sai ya zama abincinmu na dare. Turancin Boomhauer, ɗaya daga cikin mutanen shirin, ni ba na tsintar komai a ciki, shi ko yaya sai ya ce yana ji sarai, ya riƙa fassara mini da Hausa, rabin abin ƙarya yake shirgawa, ina dariya har da riƙe ciki. Idan Hank, jarumin shirin, da abokansa Dale da Bill da Boomhauer suka jeru a lungun bayan gida kowa da gwangwanin giyarsa, sai ya ce, “Ga majalisar ƙofar gidanmu nan, shayi kawai ya rage a ba su, Allah ya shirye su.” Ya ce Hank babanmu ne sak: mutum mai son ɗansa kamar ransa amma a yanka shi ba zai iya furta hakan ba. Yaya ya rasu a 2019. To ka ga wanda ya ce mini an dawo da shirin, ba shirin kaɗai ya tono mini ba.

Yanzu bari in gaya maka wanda ya ɓata mini lamarin, don har yau abin na ci mini rai. Akwai wani abokina, tare muka yi makaranta, ya san yayana, ya ci tuwo a ɗakin nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Na roƙe shi da girman Allah kada ya gaya mini komai sai na kalla. Washegari da asuba, ko sallah ban idar ba, ya turo mini hotuna sun fi goma: Bill a kwance a gado ya ƙi fita tun zamanin korona, gidan abincin Bobby ɗan Hank, har da labarin Dale ya yi shugabancin garinsu Arlen na ɗan lokaci. Na ce masa me ya sa? Ya ce wai taimakona ya yi, don kada in ɓata lokacina, ai an mayar da shirin na 'yan zamani. Na haɗiye. Ba wannan ne ya fi mini ciwo ba.

Da na zo na kalla, na kai inda muryar Dale ta sauya. Ka san Johnny Hardwick mai muryar Dale ya rasu a Agustan 2023, ya samu ya ɗauki wasu daga cikin sababbin, sauran kuma Toby Huss ne ya ƙarasa. Na san da haka tun kafin in fara, na ɗauka na shirya. Amma da Dale ya buɗe baki na ji ba shi ba ne, sai na tsayar da abin, na zauna a duhu, hawaye kawai. Muryar Dale ce yaya ya fi iya kwaikwayo, idan zai tsokane ni kan gwamnati na leƙen wayata da ita yake yi. Ƙarfe ɗaya na dare, ba wanda zan gaya wa, sai na yi wautar tura wa wannan abokin nawa saƙon murya, ina magana murya na rawa. Ɗan'uwa, ka san abin da ya yi? Ya ɗauki saƙon ya jefa cikin taron tsofaffin 'yan ajinmu, mutum sun haura saba'in, har da mata, ya rubuta a ƙasa: “Ƙato da gemu, uban 'ya'ya uku, yana kukan katun.” Na tashi da safe na tarar ana ta dariya. Wani ya ce a kai ni a yi mini ruƙiyya. Wani da nake ganin girmansa ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in je in nemi abin yi. Mutum ɗaya tak, wata baiwar Allah, ta ce ku ji tsoron Allah, yayansa yake tunawa. Shi kuwa gogan har yau bai ce in yi haƙuri ba. Da muka haɗu a wani ɗaurin aure ya miƙo hannu yana washe baki wai “Ya Dale?” Na ba shi hannu don idon jama'a. Na yafe masa don Allah, amma lambarsa na nan a toshe, kuma duk wanda ya zo mini da maganar sulhu ina gaya masa ba gaba nake ba, nesa kawai na zaɓa. Abin da ya fi ba ni mamaki, daga baya na gano ko kashi ɗaya bai kalla ya ƙare ba. Guntayen bidiyo ya gani a Facebook da abin da wasu suka rubuta, shi ke nan ya zama malami.

Don haka shawarata ta farko, kada ka gaya wa kowa ranar da za ka kalla. Ka rufe ɗaki. Ka ajiye waya.

Game da maganar an lalata shi, ni ban ga haka ba, kuma ba na cikin masu yabon duk abin da aka dawo da shi. Velma ta 2023, katun ɗin da aka samo daga Scooby-Doo, na kasa wuce kashi biyu, domin kana kallo ka san waɗanda suka yi ta ba sa ƙaunar asalin abin, raina shi suke yi. A nan kuwa Mike Judge da Greg Daniels da suka fara shi a 1997 suna ciki, tare da Saladin Patterson da ke jan ragamar sabon. Dabarar da suka yi ita ce ta burge ni: ba su daskarar da mutanen yadda muka bar su ba. Sun ce Hank da matarsa Peggy sun yi shekaru a Saudiyya yana aikin gas a Aramco don tara kuɗin ritaya, sai suka dawo suka tarar garinsu ya sauya. Duk wanda ya taɓa daɗewa a waje ya dawo unguwarsu ya kasa gane lungun gidansu ya san wannan jin. Ana tsokanar zamani, ana tsokanar Hank, ba a mayar da shi jahili ba kuma ba a mayar da shi waliyyi ba. Masu cewa an cusa siyasa sun manta tun farko shirin a kan haka yake, dattijon Texas mai ra'ayin riƙau yana karo da duniyar da ke gudu ta bar shi.

Bobby ne na fi jin tsoro. Shekara 13 ana nuna mana shi yaro, yanzu ga shi ɗan shekara 21, mai dafa abinci a Dallas, yana haɗa girkin Japan da na Jamus. Amma Pamela Adlon ce dai ke muryarsa, kuma wautar nan mai daɗi ba ta bar shi ba. Uba ya ƙarar da rayuwarsa yana sayar da gas yana zagin gawayi, ɗa kuma ya tashi da gawayi yake gashi. Yaya da ya ga wannan sai ya faɗi ƙasa don dariya.

Akwai abin da bai yi mini ba, kada ka ce na ɓoye maka. Zanen ya yi sumul da yawa, irin na kwamfuta, babu ɗan datti-dattin nan da dusashewar launi na zangon farko-farko. Muryar Kahn, maƙwabcin Hank ɗan Asiya, da aka ba Ronny Chieng har na gama kunnena bai saba ba, ko da yake na fahimci dalilin, ana son ɗan Asiya ya yi muryar ɗan Asiya, kamar yadda ɗan wasa Hank Azaria ya ajiye muryar Apu Ba'indiye a katun ɗin The Simpsons a 2020. Kuma gidan ya yi fili babu Luanne, 'yar ɗan'uwan Peggy, da mijinta Lucky, tunda masu muryoyinsu sun tafi, Brittany Murphy ta rasu a 2009, Tom Petty kuma a 2017. Gara da ba su nemo wasu sun maye gurbinsu ba. Jonathan Joss mai muryar John Redcorn ma an harbe shi a San Antonio a watan Yunin 2025, wata biyu kafin a saki shirin. Kana kallo kana ƙirga matattu, wannan ba laifin marubuta ba ne.

Af, ka ce kana tunanin kallo da yaranka. Ni na gwada da babban ɗana, minti goma ya ce Baba wannan ba a faɗa ba a gudu, ya tashi ya tafi. Na ji haushi kamar ni ya zaga. Kar ka tilasta musu, kuma ka fara dubawa kai kaɗai, akwai maganganun manya a ciki. In ma za ka nuna musu, fara da tsohon.

Kai kanka ma, kafin ka buɗe sabon, ka koma ka kalli na ƙarshen nan na Satumbar 2009, inda Hank da Bobby ke gashin nama tare a tsakar gida maƙwabta na taruwa. Ni ban yi haka ba, na yi nadama. Faifan DVD ɗin yaya na nan a akwatinsa, matarsa ta ce in zo in ɗauka tun bara, har yau na kasa zuwa. Idan ka kai inda muryar Dale ta sauya, ka yi mini magana ta gefe, ni ba zan tura wa kowa ba.