Tambaya da Amsa: Me Ya Sa 'Yan Sama Jannati Ke Shawagi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare a Tudun Wada, Kaduna. An koya mana cewa ƙasa tana janyo kowane abu zuwa gare ta, amma sai na ga bidiyon 'yan sama jannati suna shawagi a cikin tasharsu ta sararin samaniya kamar ba su da nauyi. Shin ƙarfin janyowar ƙarewa yake yi idan an yi nisa? In haka ne, a wane tsawo yake ƙarewa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya ƙara basira. Babu tsawon da ƙarfin nan yake ƙarewa. Raguwa kawai yake yi, kuma a inda tashar take bai ma ragu sosai ba.

Isaac Newton, masanin nan na Ingila, shi ya fitar da ƙa'idar a 1687, inda ya nuna cewa kowaɗanne abubuwa biyu suna jan juna, kuma idan tazarar da ke tsakaninsu ta ninka biyu ƙarfin zai koma kashi ɗaya bisa huɗu, idan ta ninka uku ya koma ɗaya bisa tara. Abin da ke shige wa ɗalibai duhu shi ne daga cibiyar ƙasa ake auna tazarar, ba daga inda muke takawa ba. Kai da kake zaune a Tudun Wada, tsakaninka da cibiyar akwai kimanin kilomita 6,370, tashar kuwa da kilomita 400 kawai ta ɗara ka, wato kusan tafiyar Kaduna zuwa Abuja da dawowa. Ana gane ƙarfin janyowa a kowane wuri ta yadda gudun abin da aka saki ke ƙaruwa. A nan, kowace daƙiƙa gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa, a can kuma da kimanin 8.7. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin yana nan daram.

Shawagin da ka gani faɗowa ce. Tashar tana tafiya ta gefe da gudun kimanin kilomita 7.7 a daƙiƙa, tana zagaya duniya cikin kusan minti 90, saboda haka gwargwadon yadda take faɗowa, haka doron ƙasa ke lanƙwashewa a ƙarƙashinta, shi ya sa ba ta isowa. Nauyin da kake ji a jikinka turawar daɓe ce a tafin ƙafarka, to idan kai da daɓen kuna faɗowa tare da gudu ɗaya, babu abin da zai tura ka. Inda babu iska, mai nauyi da marar nauyi tare suke faɗowa, kuma David Scott, ɗan sama jannatin Amurka, ya nuna wa duniya haka a kan wata a 1971, lokacin da ya saki guduma da gashin tsuntsu suka dira tare.

Akwai wani ɓangare da ba ka tambaya ba, wanda a ganina shi ya fi cancanta ka riƙe, wato makamashin da tsawo ke ajiyewa. Idan injin burtsatse ya hau da ruwa lita 1,000 zuwa tankin da ke kan ƙarfe mai tsawon mita 10, ya yi aikin jul 98,000 (jul shi ne ma'aunin aiki da makamashi), domin lita ɗaya kilo ɗaya ce, sai a ninka 1,000 da 9.8 da 10. Aikin bai ɓace ba, yana ajiye, shi ne yake koro ruwan zuwa famfo ko da an ɗauke wuta. Da wannan ƙa'idar madatsar ruwa ta Shiroro, wadda aka gina a kan Kogin Kaduna a Jihar Neja ta fara aiki a 1990, take juya injinanta masu ƙarfin megawat 600. Sai dai ka kiyaye, wannan ninkawa mai sauƙi a kusa da doron ƙasa kaɗai take aiki daidai, inda 9.8 ɗin bai canja ba.

Yanzu auna tashar da wannan ma'auni. Ɗaga kilo ɗaya zuwa tsawon kilomita 400 na cin jul kusan miliyan 3.7, amma ba shi gudun da zai hana shi dawowa ƙasa na cin fiye da miliyan 29, wato kusan ninki takwas. Wannan ne dalilin da ya sa roka ba ta miƙewa sama ɗoɗar. Da zarar ta fita daga iska mai kauri sai ta karkata gefe, ta ƙone mafi yawan manta wajen neman gudu. Wanda kuma yake son ya kuɓuce wa ƙasa gaba ɗaya ba tare da ƙarin turi ba, sai ya tashi daga doronta da gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa.