Tsohon doki ya gurgunce: a sayar, a bayar, a ba da aro ko a hutar da shi?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi a nan Maradi, wanda kuma yake da dawaki uku da yake bayarwa haya a lokacin hawan angwanci da hawan salla, ya aiko da tambaya. Ya ce ɗaya daga cikin dawakin, wani akawali da ya haura shekara 20 a duniya kuma ya yi masa aiki fiye da shekara 10, ya fara ɗingishi da ƙafar gaba tun daminar da ta wuce, gwiwar ta kumbura, yanzu ko yaro ba ya iya ɗauka. A ƙiyasinsa, gero da dusa da harawa da kanwa da ladan yaron barga suna cin kimanin jika ɗaya, wato CFA 1,000, a kowace rana. Dillali ya taya dokin jika 60, ƙanensa da ke wani ƙauye a yankin Gidan Rumji ya nemi a ba shi aro, wani abokinsa kuma ya ce a bayar da shi kyauta ga duk mai so, ko kuwa a yanka shi kowa ya huta. Yana son ya san hanyar da za ta rage masa asara ba tare da ya ɗauki haƙƙin dabba ba.

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka sa haƙƙin dabbar a cikin tambayarka, domin da yawa daga masu neman shawara a kan irin wannan lamari kuɗin kawai suke kawowa. Mu fara da kuɗin duk da haka, tunda shi ne ya hana ka barci. Jika ɗaya a rana CFA 365,000 ke nan a shekara, kuma ka fi ni sanin cewa daga watan Maris har zuwa saukar damina, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa suke tsada, jika ɗayan ba za ta isa ba. Dokin da yake samun kulawa yana iya kaiwa shekara 25 zuwa 30, saboda haka idan ya ƙara shekara biyar kacal a turkenka, abin da za ka kashe zai haura CFA 1,800,000, alhali ko dala ba zai sake shigo maka da ita ba. A matsayin jari, wannan doki ya gama aikinsa, kuma ba zan ɓoye maka haka ba.

Inda nake ganin lissafin yake karkacewa shi ne da kake kallon kuɗin ciyar da shi a yau a matsayin sabuwar asara. Ribar dokin nan ka riga ka ci ta a cikin shekara 10 da ya yi yana ɗaukar angwaye da ƴan hawan salla, kuma ɗawainiyar tsufansa tana cikin kuɗin da aka kashe wajen samun waccan ribar, sai dai ta makara ba ta iso ba sai yanzu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka ka cire shi daga littafin kayan da ake juyawa, ka mai da shi shafin bashin da ake binka, sannan ka nemi hanya mafi sauƙi ta biyan bashin. Idan ka kalle shi ta nan, tambayar da za ta raba gardama ita ce ko dokin yana cikin azabar da ba ta da magani, ko kuwa gurgu ne kawai da zai iya zama lafiya lau idan an daina hawansa.

Wannan tambaya likitan dabbobi ne zai amsa ta, kuma kuɗin kiransa ba zai kai abin da dokin yake ci a ƴan kwanaki ba. Ba duk ɗingishi ne iri ɗaya ba. Akwai na ƙusa ko ƙaya da ta shige kofato ta tara mugunya, wanda yake warkewa cikin makonni idan an buɗe wurin an wanke. Akwai na kofaton da ya yi tsawo ya karkace saboda an daɗe ba a gyara shi ba, alhali ya kamata a riƙa datse shi duk mako shida zuwa takwas. Akwai kumburin cikin kofato, wanda yawan cin hatsi yake iya jawowa, kuma ina ambatonsa ne musamman saboda dokin mai sayar da gero ba ya rasa gero. Sai kuma lalacewar gaɓa ta tsufa, wadda kumburin gwiwar da ka faɗa ya fi nuni zuwa gare ta. Ita ba ta warkewa, sai dai a rage zafinta. Kafin likitan ya zo, ka tsaya da kanka a barga da sassafe na ƴan kwanaki, kada ka dogara da labarin yaro. Ka duba ko dokin yana tashi tsaye a yunƙuri ɗaya ko sai ya yi ta fama, ko yana ɗora nauyinsa a kan ƙafar ko yana rataye ta, ko fatar ƙugunsa ta fara salewa saboda yawan kwanciya. Ka duba ƙasan inda yake ci: idan kana ganin harawa dunƙule-dunƙule da yawu wadda ya tauna ya zubar, kuma kana ganin ƙwayar gero ɗungurungum a cikin kashinsa, to haƙoransa sun gaji, kuma wani kaso na kuɗin da kake kashewa a ƙasa yake zubewa. Irin wannan doki jiƙaƙƙiyar dusa ta fi masa amfani. Idan likitan ya gama dubawa, ka tambaye shi kai tsaye ko dokin zai warke, idan kuwa ba zai warke ba ko za a iya danne zafin, kuma nawa maganin zai riƙa ci a wata.

Tayin dillali shi ne wanda na fi so ka yi nesa da shi. Ka tambayi kanka wane ne yake biyan jika 60 a kan gurgun doki mai shekara 20, kuma me zai yi da shi. Ko dai a ɗura masa maganin kashe zafi ya miƙe na kwana biyu, a sayar wa wani bawan Allah da bai san aibinsa ba, ko kuwa a loda shi a babbar mota zuwa kudancin Najeriya, inda ake cin naman doki kuma ake da kasuwanni irin ta Obollo-Afor a jihar Enugu. A hanya ta farko ka zama tsanin ha'inci, kuma shari'a ta haramta ɓoye aibin abin sayarwa. A ta biyu, dabbar da ba ta iya tsayuwa sosai a kan ƙafa huɗu za ta yi doguwar tafiya a tsaye cikin cunkoso da rana da ƙishirwa, kuma idan ta faɗi a cikin motar sauran ne za su tattake ta. Akwai kuma wani haɗarin da ba a cika faɗa ba: maganin fenilbutazon da ake yawan bai wa dawaki don ciwon gaɓa yana sa namansu ya zama bai dace mutum ya ci ba. Jika 60 ɗin nan abincin wata biyu ne kacal, kuma ga mutumin da jama'ar gari suke ɗaukar dawakinsa haya saboda sun yarda da shi, sunan da zai zubar ya fi wannan kuɗi tsada.

Kyauta tana da daɗin faɗa, amma daga ranar da ka miƙa ragamar ba ka da sauran ta cewa. Mafi yawan masu karɓar kyautar doki ba su kai ka ƙarfi ba, kuma jika ɗayan da ta yi maka nauyi za ta fi yi musu. Bazara ɗaya ta isa ta sa dokin ya koma hannun dillalin da ka ƙi, ko a ɗaura masa amalanke, ko a sake shi yana yawo a bola yana cin leda. Ban hana ka bayarwa ba idan ka sami mutumin da yake da gona da harawar kansa, wanda ka san yadda yake riƙe dabbobinsa kuma ba ya bukatar dokin ya yi masa aikin kome, sai dai irin wannan mutum ba shi da yawa.

Aron da ƙanenka ya nema shi ya fi kusa da mafita, da sharaɗin likita ya ce zafin mai dannuwa ne. A ƙauye ciyawa da harawa da karan dawa daga gona suke fitowa, ƙasar rairayi ce mai taushi ga ƙafa, kuma ɗan zagayen da doki zai riƙa yi da kansa ya fi wa tsohuwar gaɓa amfani a kan wuni a ɗaure a turke. Amma kada ka ɗauka wannan aro irin habbanayen makiyaya ne, inda ake ba da saniya ta haihu a hannun mai riƙo, shi ya sami ƴaƴa da nono, mai ita kuma ya karɓi abarsa daga baya. A habbanaye kowa yana da riba, shi ya sa yake ɗorewa. Tsohon ingarma gurgu ba abin da zai bai wa ƙanenka sai taki da kwarjinin a ce akwai doki a ƙofar gidansa, saboda haka idan ba ka ɗauke masa wani ɓangare na ciyarwar ba, ba da daɗewa ba zai fara neman hanyar da dokin zai biya kuɗin abincinsa. Ka kuma sani cewa a fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, wanda ya ari dabba ba ya biyanta idan ta mutu a hannunsa sai in ya ƙetare iyaka, kuma ba a gane ƙetare iyaka sai an shata iyakar tun farko. Don haka ku zauna a gaban mai gari da shaidu biyu, a rubuta cewa dokin naka ne, ba za a hau shi ba, ba za a sa shi jan kome ba, ba za a sayar ko a bayar da shi ba, kuma kai ne za a kira idan ya kwanta. A rubuta abin da za ka riƙa aikawa duk wata na dusa da gero da kuɗin magani, wanda a ganina ba zai kai abin da kake kashewa a birni ba. Maganar hawa ita ce za ta fi wuyar kiyayewa, domin yaran ƙauye ba sa ganin doki a tsaye su ƙyale shi, kuma gara ka faɗa wa ƙanenka wannan a fili yau da ku zo kuna jin nauyin juna gobe. A kai dokin a mota, kada a kora shi da ƙafa, kuma ka je ka gan shi da idonka kafin zafin bazara ya kankama.

Idan kuwa likita ya ce gaɓar ta lalace har magani ba ya riƙe zafin, ko ka ga dokin yana ramewa duk da yana ci, ko ya fara kasa tashi sai an taru an ɗaga shi, to shawarata ita ce ka hutar da shi a gidanka, kada ka tura wa kowa. Na san zuciya tana ƙin wannan, kuma mutane da yawa suna ganin barin dabba ta mutu da kanta shi ne tsoron Allah. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan wannan mas'ala: ko da yake fitaccen ra'ayin mazhabar ya hana cin naman doki, sun halatta yanka dabbar da ba a ci idan an yanke ƙauna daga gare ta, domin a hutar da ita. Hadisin da Muslim ya ruwaito kuma ya umarci mai yanka ya kyautata yankan, ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Ka kai wa malaminka bayanin likitan domin zuciyarka ta natsu. Aikin kuma a bar shi a hannun wanda ya iya, ko likita ya yi masa allura, ko gwanin yanka ya yi bayan an ba dokin maganin da zai kwantar da shi, a wurin da ya saba kuma nesa da idon sauran dawakin. Idan allura aka yi, wajibi ne a haƙa rami mai zurfi a binne shi, domin maganin yana zama a cikin naman kuma yana kashe karnuka da ungulayen da suka ci. Kada ka jira sai watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Maradi yake haura digiri 40, ya faɗi a rana ya kasa tashi sannan a fara neman likita.

Sauran dawaki biyun ma za su tsufa, kuma tanadinsu yanzu ya kamata ya fara. Ka sa likitan ya duba haƙoransu ya ƙiyasta maka shekarunsu a zuwan da zai yi, ka rubuta. Daga kowane kuɗin haya ka riƙa ware wani kaso, ko da ɗaya bisa goma ne, a asusun da ba ka taɓawa don sarin hatsi, wanda daga cikinsa za a sayi dokin da zai maye gurbi kuma a ciyar da wanda ya ajiye aiki. Idan ka ga kuɗin hayar da kake karɓa ba zai ɗauki wannan kaso ba, to kuɗin hayar ne ya yi kaɗan, sai ka ƙara shi tun kafin hawan salla mai zuwa. Harawar shekara kuma ka saye ta da kaka, lokacin da manoma suke cire wake da gyaɗa, ka jibge ta a kan rumfa inda ruwa da gara ba za su kai gare ta ba.