Taronmu kullum gyangyaɗi ake, mi zan canza?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wata ƙungiyar manoman albasa nan Tahoua, duk shekara muna tara malaman gona da shugabannin ƙungiyoyi daga Galmi, Madawa, Konni har Keita a yi atilye na kwana biyu. Amma wallahi abin ba daɗi, masana su hau babban tebur su yi ta zuba Faransanci suna haska rubutu a bango, kafin azahar rabin sal na gyangyaɗi rabi na danna salula, wasu ko perdiyem, wato kuɗin zaman taro, kawai suke jira. Bana ni aka ɗora wa shirya taron. Dan Allah mi zan canza?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Wannan ciwo ba na Tahoua ba ne kaɗai, ki shiga Palais des Congrès ko cibiyar Mahatma Gandhi a Yamai ki ga manya da babbar riga suna barci cikin sanyin kilim.

Ni a ganina kin ajiye masanan naki na gaskiya a kujerun baya. Mutumin da ya shekara ashirin yana zuba albasa a rudu, wato rumbun ajiyarta, ya san wadda ke ruɓewa da wadda ke kai damina lafiya, shi aka ce ya naɗe hannu ya saurari wanda bai taɓa shiga fadama ba. Ba dole ya yi barci ba?

Wani Ba'amurke mai suna Harrison Owen ya sha wahala ya shirya babban taro a 1983, da aka watse sai mutane suka ce masa abin da ya fi musu daɗi shi ne lokacin shan kafe, wato daidai inda bai shirya komi ba. Daga nan ya fito da tsarin da ake zama a da'ira, mahalarta da kansu su kawo batun da ke damunsu su rubuta a bango, kowa ya tafi inda ya ga zai amfana. Mu nan ai ba baƙon abu ba ne, duk fadar samari da ke bakin titi haka take, butar shayi a tsakiya ba mai babban tebur kuma ba wanda ke barci.

To ga yadda zan yi in ni ne ke. Buɗe taro ba a taɓa shi, a yi fatiha, wakilin gwamna ko magajin gari ya yi jawabi a ɗauki hoto a raka su mota, don in dai suna zaune ƙaramin malamin gona ba zai buɗe baki ya ce irin da aka raba bara bai tsira ba. Suna fita a ture kujerun nan da aka jera kamar lakkol, a yi tebur tebur na mutum biyar, kuma kar ki bari 'yan gari ɗaya su dunƙule wuri guda. Ki ba su tambaya ɗaya tak wadda ke ci musu tuwo a ƙwarya, misali mi ya sa muke sayar da albasa da arha lokacin girbi alhali mun san buhu zai yi tsada nan da 'yan watanni. Minti 20 su tattauna, sai kowa ya tashi ya canza tebur, mutum ɗaya ya tsaya ya faɗa wa sababbin zuwa inda aka kwana. Zagaye uku ya isa.

Masana kuma ba korarsu za ki yi ba, minti goma kowanensu, kuma bayan tattaunawa, su amsa abin da ya fito daga tebura. Ki kira su tun da sauran sati biyu ki gaya musu, don wanda ya kwana yana shirya shafi 60 in kika tsayar da shi a gaban jama'a zai ƙullace ki.

Maganar harshe kar ki ji kunyarta. Tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, balle a Adar da kusan kowa na ji. A yi da Hausa, wanda bai ji ba a zaunar masa da tafinta, rahoto a rubuta da Faransancin in masu ba da kuɗi sun nema.

Sai mai jan ragamar taron, nan ne yawanci ake faɗuwa. Kar ki ɗauko wanda ya iya zuba, ki nemo mai iya yin shiru, mai kallon agogo, wanda zai iya ce wa dattijo "Alhaji mun gode, bari mu ji ta bakin Hajiya" ba tare da ransa ya ɓaci ba. Mata in kin ga sun yi tsit cikin maza, ki ba su teburinsu a zagayen farko, za ki sha mamakin abin da za su faɗa kan bashi da kuɗin taki.

Bayan abincin rana da zafin nan na Tahoua kar a sa jawabi ko ɗaya, a kai su su ga rudu ko a yi aikin tsaye. Perdiyem kuwa ki sanar tun da safe ƙarfe nawa za a biya, kuma ki cika, in ba haka ba hankalinsu na bakin ƙofa. Kafin addu'ar tashi kowace ƙungiya ta faɗi abu ɗaya da za ta yi kafin dashen bana, da sunan wanda zai bi kadinsa, ki rubuta ki tura musu ta WhatsApp a daren.