Me ya sa dankalina ba ya yin ƙarau idan na gasa?

Ƴar'uwa, kin ce dankalin turawanki yana fitowa lagwab, ya sha mai. Ina zargin ɗanyensa kike sakawa a tanderu.

Ki fere, ki yanka manya-manya kamar ƙwan kaza, ki tafasa da gishiri minti 10. Ni nakan jefa ƴar kanwa kaɗan a ruwan, domin tana sa bayansa ya yi laushi, amma idan ta yi yawa za ki ji ta a baki. Ki tsane ruwan, ki bar tururi ya fice, sannan ki rufe tukunya ki girgiza har gefunansa su farfashe. Wannan ɓurɓushin shi ne yake zama ɓawon da ke ƙaras-ƙaras, cikin kuma ya yi taushi kamar dafaffiyar doya.

Man gyaɗa kuwa, mu a Maradi ba a koya mana shi. Ki zafafa shi a faranti tukuna, ki jera dankalin da tazara, wuta digiri 200, kamar minti 45, ki juya sau ɗaya. In ba tanderu, tukunyar ƙarfe ta isa, garwashi ƙasa da saman marfi. Yajin ƙuli sai an sauke, don yana ƙonewa.