Tambaya da Amsa: Idan Sabar Imel Ta Mutu, Ina Wasiƙunmu Suke Zuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da kwamfutocin wani kamfani mai fitar da riɗi da zoɓo ƙasashen waje, ofishinmu yana kusa da kasuwar Dawanau. Ma'aikatanmu kusan ashirin ne, imel ɗinsu duka yana kan saba guda da muka ajiye a ofis, wato kwamfutar da ke riƙe mana imel, tana aiki da manhajojin Postfix (mai aika wasiƙu da karɓarsu) da Dovecot (mai ba ma'aikata damar buɗe akwatinsu) a kan Linux. Duk ranar da aka ɗauke wuta janareta ya yi gardama, ko intanet ta yanke, sai imel ya tsaya cik, Alhaji ya kira ni da faɗa wai masu saye za su ɗauka ba da gaske muke ba. Ya ce in haɗa saba ta biyu da za ta karɓi aiki da kanta, amma kuɗin da ya ware ba su taka kara sun karya ba. Ta ina zan fara?
Mai karatu daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam. Fara da kwantar wa Alhaji hankali, domin wasiƙar da aka aiko lokacin da sabarku take kashe ba ta ɓata ba. Ƙa'idar aika imel da ke cikin takardar ƙa'idojin intanet mai suna RFC 5321 ta 2008 ta ce idan sabar mai aikawa ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba, ta riƙe wasiƙar ta riƙa sake gwadawa, kada ta haƙura sai bayan kwana 4 zuwa 5. Postfix ɗin da ke gabanka ma kwana 5 yake riƙewa idan ba ka taɓa saitinsa ba. Rashin wuta na awa uku jinkiri kawai yake jawowa. Inda ake asara shi ne sabar ta tashi da gurɓataccen saiti, ta ce wa mai aikawa babu wannan adireshi. Nan take wasiƙar za ta koma.

Ainihin ciwonku dai shi ne ma'aikata ba sa iya karantawa ko mayar da amsa. Na jaddada wannan ne saboda maganin da za a fara ba ka a ko'ina shi ne ka ƙara MX na biyu, wato bayanin da ke nuna sabar da za ta karɓi wasiƙunku, a DNS ɗinku, rajistar da ke haɗa sunan kamfaninku na intanet da adireshin saba: babbar saba lamba 10, ta ko-ta-kwana lamba 20, masu aikawa su fara da ƙaramar lamba. Abu ne mai arha, kuma yana da amfaninsa, tunda wasiƙu suna taruwa a hannunka, babbar sabar na dawowa ka turo su gaba ɗaya. Amma ba wanda zai iya buɗe akwatinsa daga can. Ga kuma masu aiko wasiƙun damfara, da gangan suke nufar lamba 20 don sun san galibi tsaronta ya fi rauni. Idan za ka kafa ta, ka ba ta jerin adiresoshin ma'aikatanku da irin matatar da ke kan babbar. In ba haka ba za ta karɓi tarkace ta riƙa mayar wa mutanen da ba su aiko komai ba, har a sa ku cikin jerin waɗanda ake toshewa.

Ni da za ka bi tawa, kafin maganar saba ta biyu, fitar da ta farkon daga ofis. Ka yi hayar ƙaramar saba a cibiyar ajiyar bayanai, inda wuta da intanet ba damuwarka ba ne. Ranar da ofis ya yi duhu, kowa ya duba imel a wayarsa da data. Kafin ka biya, tambayi abu uku: za su buɗe maka ƙofa ta 25, hanyar da saba ke bi ta aika imel zuwa wata, wadda kamfanoni da yawa ke rufe wa sababbin abokan ciniki? Adireshin IP ɗin, wato lambar da ake gane sabar da ita a intanet, naka ne tsayayye? Za su bari ka saita PTR, bayanin da ke nuna sunan da ke kan wannan adireshi, ya dace da sunan sabar? Wanda ya kasa ko ɗaya, wuce shi.

A ina za ka yi hayar, Legas ko Turai? Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace, intanet ta yi ta jan ƙafa a Afirka ta Yamma. A irin wannan rana, sabar da ke Turai tana ci gaba da karɓar wasiƙun masu saye, ku ne za ku sha wahalar isa gare ta. Ta Legas kuwa za ta fi muku sauƙin kaiwa, wasiƙun waje ne za su makara. Tunda cinikinku da waje ne, ni babbar a Turai zan sa, ta biyun a wani kamfani dabam.

Yanzu batun karɓar aiki da kanta. Za ka ga ana yabon manhajojin keepalived (mai juya aiki zuwa saba ta biyu) da DRBD (mai kwafe faifan wata saba zuwa wata), kuma suna aiki, amma sun fi dacewa da na'urori biyu da ke ɗaki ɗaya a kan layi ɗaya. A ofishinku wannan daidai yake da mai shago biyu manne da juna a kasuwa: gobara ɗaya ta ishe su. Idan kuma ka raba su nesa, layin da ke tsakani ya yanke, kowacce za ta ɗauka ɗayar ta mutu, su biyun su riƙa karɓar wasiƙu. Haɗa akwatunan bayan nan aiki ne da ba na yi wa ko maƙiyi fata. Ga mutum ashirin, juyawa da hannu ya wadatar. Ka sa wasiƙu su riƙa kwafuwa zuwa saba ta biyu duk minti 15 da manhajar rsync ko doveadm, ka rage TTL na sunan sabar, wato tsawon lokacin da na'urori ke riƙe adireshinta kafin su sake tambaya, zuwa daƙiƙa 300, ka sa wata manhaja daga waje ta turo maka saƙo a waya idan babbar ta yi shiru. Sai ka canza adireshi a DNS, cikin 'yan mintuna wayoyin ma'aikata su koma can. Ka yi hattara da tsofaffin darussan intanet masu koyar da kwafi na kai tsaye tsakanin Dovecot biyu, an cire wannan tsarin a Dovecot 2.4.

Kada ka manta ka sa saba ta biyu cikin SPF, jerin sabar da aka yarda su aika imel da sunanku, ka ɗora mata makullin DKIM mai sa wa wasiƙu hatimin kamfaninku, da takardar tsaro mai sunanku da ke tabbatar da cewa sabar taku ce, in ba haka ba ranar da ta fara aikawa Gmail zai jefa wasiƙunku kwandon shara. Kwafin nan kuma ba ya maye gurbin ajiya: abin da akawu ya goge bisa kuskure, bayan minti 15 ya goge a can ma. Ka riƙa ɗaukar ajiya kullum dare zuwa wuri na uku.

Kafin ka kai wa Alhaji lissafi, ka haɗa da kuɗin hayar imel daga masu riƙe wa kamfanoni imel irin su Zoho Mail ko Google Workspace ko Microsoft 365 na mutum ashirin a shekara, ya kwatanta da hayar saba biyu da lokacinka. Idan ya zaɓi ku ci gaba da riƙe naku, ka nemi izininsa wani daren Asabar ka kashe babbar da gangan, ka juya, ka aiko wa kanka wasiƙa daga Gmail, ka rubuta kowane mataki a takarda don wanda zai yi aikin ranar da kake tafiya.