Kafin ka taɓa kyamara

Ƙanena, ka ce mako mai zuwa za a damƙa maka kyamara karon farko, kana tambayar wane lens za ka nema. Ajiye zancen lens tukuna. Je ka ga lokeshan, kuma a daidai lokacin da aka sa za a ɗauki sin ɗin.

Ni a nan na sha kashi. An sa shutin ƙarfe 3 na yamma, ni kuwa na je duba ɗakin ƙarfe 9 na safe don a lokacin nake da sarari. Haske na kwararowa ta taga, gwanin sha'awa, har na ce wa furodusa fitila biyu ta isa. Ranar aiki muka tarar da ɗaki duhu. Rana tana gusawa digiri 15 duk awa, cikin awa 6 ta koma bayan gida. 'Yan wasa sun gama kwalliya suna zaune, darakta sai duba agogo yake yi, mu kuma muna ta neman fitilar haya.

Abin da ya fi ci min rai daga baya na ji shi. Ashe yaron da ke ɗaukar min fitila tun ranar dubawa ya lura tagar gabas take kallo. Ya ƙi magana saboda na taɓa daka masa tsawa a gaban jama'a. Ka ga laifin wa? Tun daga nan, kafin in ce na shirya, sai na juya na tambayi yarana ko akwai abin da suka gani.

Daren jajibere ku zauna da darakta ku jera shot ɗin kowane sin a takarda, wato duk ɗaukar da kyamara za ta yi, mai kwantiniti (mai lura kada kaya ko motsi su saɓa tsakanin ɗauka da ɗauka) ya riƙe kwafi. Mai sauti kuma nuna masa iyakar firam, wato inda hoton ya tsaya, da kanka, in ba haka ba sai wajen edita za ka ga makirfo na leƙowa ta sama.

Sauran ƙanana ne amma suna kunyata mutum. Inda lantarki yake hertz 50, wato yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, sa shata (tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga) a 1/50 na daƙiƙa don kada hoto ya riƙa ƙyaftawa. Caja batir da hannunka. Kada a goge katin memori sai ka kwafe aikin a wuri biyu, ka buɗe ka gani da idonka. In ka dawo daga duba wurin, faɗa min girman ɗakin, sai mu yi maganar lens.