Me ya sa amsata ta zo −120, ta littafi kuma −1080?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a sakandare, daga Aboabo a Kumasi, ina shirin jarrabawar WASSCE ta WAEC. An ce mu nemo adadin da ke gaban x³ idan an buɗe (2 − 3x)⁵. Na ɗauko 10 daga alwatikan Pascal, jerin lambobin nan mai siffar alwatika da ke ba da adadan buɗe baka, na ninka da 4, na ninka da −3, na sami −120. Littafi kuma ya ce −1080. Ina na ɓata?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Hanyar da kika kama daidai ce, wuri ɗaya kika yi tuntuɓe. Pawa 3 ɗin nan ba kan x kaɗai ta hau ba, ta hau kan −3x ne dungurungum. Wato (−3x)³, wanda ya ba da −27x³. Ke kuwa kin ɗora ta a kan x, kin bar −3 yadda yake. Sa −27 a gurbinsa: 10 × 4 × (−27) = −1080.

Amma ba na so ki karɓi gyaran ki wuce, don gobe za a sauya lambobin. Ki tsaya ki ga inda 10 ɗin ta fito. (2 − 3x)⁵ baka biyar ne iri ɗaya ake ninkawa da juna. Daga kowane baka abu ɗaya za ki ɗauka, ko 2 ko −3x. Don x³ ta fito, dole ki ɗauki −3x daga baka uku, sauran biyun su ba ki 2. Hanyoyi nawa ake zaɓen uku cikin biyar? Goma. Ita ce ⁵C₃. Kowace hanya cikin goman tana ba da 2 × 2 × (−3x) × (−3x) × (−3x). Kin ga −3 sau uku ya fito, ba sau ɗaya ba. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara mance baka ba.

Shi ya sa nake nace wa ɗalibai su fara rubuta gaɓar gama-gari kafin su taɓa kalkuleta. A (a + b)ⁿ ita ce ⁿCᵣ × aⁿ⁻ʳ × bʳ, kuma b yana shiga baka tare da alamarsa ta ragi. Ban yarda da buɗe komai daga farko har ƙarshe ba idan gaɓa ɗaya ake nema. Ɓata lokaci ne a ɗakin jarrabawa. Ga kuma wata riba: masu makin WAEC suna ba da maki a kan hanyar aiki, ba amsar ƙarshe kaɗai ba, don haka layin nan ɗaya da kika rubuta yana iya cetonki ko lissafi ya kuɓuce a ƙasa.

Inda wannan ke nuna amfaninsa sosai shi ne tambayar gaɓar da babu x a cikinta. Ɗauki (x² − 2/x)⁶. Gaɓar gama-gari ita ce ⁶Cᵣ × (x²)⁶⁻ʳ × (−2/x)ʳ. Ki bar lambobi tukuna, ki bi pawar x kawai: x² tana ba da 12 − 2r, x ɗin da ke ƙasan 2/x tana cire r, saura 12 − 3r. Ana so ta zama sifili, don haka r = 4. Sai ⁶C₄ × (−2)⁴ = 15 × 16 = 240. Alamar ragi ta ɓace saboda 4 tana rabuwa biyu daidai. Da r ta fito da ɓari, kamar 3.5, to babu irin wannan gaɓar, kuma hakan za ki rubuta. Ki kula kuma, r = 4 gaɓa ta biyar ce, don ƙirgar daga sifili take farawa.

Alwatikan da kika yi amfani da shi, sunan Blaise Pascal na Faransa yake ɗauke da shi saboda rubutun da ya yi a 1654, amma al-Karaji ya tsara shi a Bagadaza tun wajen shekara ta 1000, Yang Hui na ƙasar Sin ma ya kawo shi a littafinsa a 1261. Yana da daɗin aiki idan n ƙarama ce. Ta kai 10 ko 12, ki koma maɓallin nCr a kalkuletarki.

Idan kuma an ce ki buɗe duka, akwai gwaji mai sauƙi. Sa x = 1. Adadan (2 − 3x)⁵ su ne 32, −240, 720, −1080, 810, −243. Haɗa su, za ki sami −1, kuma (2 − 3)⁵ ma −1 ne. Da −120 ɗinki ce a ciki, jimillar 959 za ta zama, nan take ki san akwai matsala.

Ga na gida: nemo adadin gaban x³ a (1 + x)(2 − 3x)⁵. Wannan karon x³ ta hanya biyu take zuwa, 1 ya haɗu da gaɓar x³, x kuma ya haɗu da gaɓar x². Idan kin bi daidai −360 za ki samu. Allah ya ba da sa'a a jarrabawa.